Alamar da Aka Ba Makiyaya

Masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sanyi. Daga nan Garwa a arewacin Kamaru nake gaishe ku, da ku da ke Marwa da Mokolo da Ngaundere, da 'yan'uwanmu na Cadi da Najeriya waɗanda muryarmu ke isa gare su. Kirsimeti ta ƙarato. Wanda ya bi ta kasuwa a makon nan ya gani da idonsa: teloli sun daina barci, kaji sun yi tsada, tasha ta cika maƙil da masu neman motar ƙauye. Sharhinmu na yau a kan abu ɗaya ne cikin labarin haihuwar Yesu Almasihu, abin da muke ji kowace shekara har kunne ya saba da shi, wato komin dabbobi.

A gidan kiwo na tashi. Komin gidanmu rabin duro ne da Baba ya sa maƙeri ya tsaga, ya lanƙwasa bakinsa don kada ya yanki dabba. Da asuba ni ake tasa in zuba dusa, in dama da ruwan kanwa, in watsa harawa a gefe. Gindinsa kullum da danshi, jikinsa duk tsatsa da yawun tumaki, ƙudaje kuwa ba sa rabuwa da shi. Ko kwanon tuwo Inna ba ta yarda a ajiye kusa da wurin. Shi ya sa duk ranar da aka karanta Bisharar Luka sura 2 a majami'a, aka zo inda Maryamu ta haifi ɗanta na fari, ta naɗe shi da zane, ta kwantar da shi a komi saboda ba su sami wuri a masauki ba, rabin duron nan nake gani a gabana. Ko na dutse ne nasu ko na itace, aikinsa ɗaya ne, warinsa ma ɗaya.

Me ya kai su can? Kaisar Augustas ne daga birnin Roma ya ba da doka a ƙirga mutane, kowa ya koma garin kakanninsa. Yusufu, mijin Maryamu, daga zuriyar Dawuda yake, sai ya taso daga Nazarat ta ƙasar Galili zuwa Baitalami ta Yahudiya. Tafiya ce ta wajen kilomita 150, fiye da rabin hanyar Garwa zuwa Marwa, ga hawa da gangara, ga mace da tsohon ciki. Jakin nan da muke gani a hotuna ma, Luka bai ambace shi ba. Mai mulki ya yi magana a fadarsa, talaka ya ɗaure kaya, wannan kam mun san shi. Amma mai bi yana ganin wani hannu a ƙarƙashin na Kaisar. Wajen shekara 700 kafin nan annabi Mika ya riga ya kira sunan Baitalami, ya ce ƙarama ce a cikin Yahuza, amma daga cikinta mai mulkin Isra'ila zai fito. Kaisar yana ƙirga kawuna don haraji, bai san yana cika alkawarin da ya girme shi ba.

To, wane ne aka kwantar a komin? A nan imanin Kirista yake tsaye. Matiyu ya ɗauko sunan daga bakin annabi Ishaya: Immanuwel, wato Allah na tare da mu. Yahaya kuma a bishararsa ya ce Kalman, wato Almasihu, ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Mu mutanen arewa mun san yadda ake zuwa gaban mai sarauta. Tun daga ƙofar fada kake tuɓe takalmi, ka jira a yi maka iso, ka durƙusa, ka ce ranka ya daɗe, wani lokaci ma sai wani ya isar da maganarka. Haka ɗan Adam ya saba tunanin Allah: yana can nesa, mu muna nan da laifinmu da tsoronmu. Sai ga shi a daren nan babu dogari, babu kakaki, babu mai iso. Jariri ne da ke kukan yunwa, sai an ɗauke shi, sai an ba shi nono. Wa ke jin tsoron jariri? Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa ko da yake shi mai arziki ne, ya zama matalauci saboda mu. Ni dai duk shekara wannan maganar takan tsaya mini a rai, har yau ban gama mamakinta ba.

Na san cikin masu sauraronmu akwai 'yan'uwa Musulmi da yawa, waɗanda ke girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan mahaifiyarsa. A kan zaman Allah mutum imaninmu ya bambanta, kuma ba ma ɓoye wa juna wannan. Duk da haka ranar Kirsimeti kwanon shinkafa yakan tsallaka katanga, ranar Sallah ya dawo da nama. Allah ya bar mu da wannan zumunci.

Mu koma daren. Waɗanda aka fara gaya wa labarin makiyaya ne, suna kwana a fili suna tsaron garkensu. Ku tuna da makiyayanmu a irin wannan lokaci na hunturu, can bakin Binuwai ko a dajin Adamawa: mutum ya lulluɓe da bargo, ya rakuɓe kusa da 'yar wuta, ƙafa duk kaushi da faso, kunne na kan dabbobi ko cikin gyangyaɗi. Gari na barci, su suna farke. Irin waɗannan mutane ne mala'ika ya bayyana gare su, kuma abin da ya fara faɗi shi ne kada su ji tsoro. Ya ce ya kawo musu albishir na farin ciki mai yawa domin dukan mutane, an haifa musu Mai Ceto a birnin Dawuda, wato Baitalami. Dawuda kansa, kada mu manta, daga bayan tumaki aka kira shi a wannan gari.

Sai mala'ikan ya ba su alama: za su sami jariri naɗe da zane, kwance a komi. Ku tsaya a nan, jama'a. Da an ce musu yaron yana fadar Sarki Hirudus, da a ƙofa za a tsayar da su. Da an ce yana gidan wani attajiri, da sun dubi rigunansu masu warin garke, sun ji kunya, sun koma. Amma komi? Makiyayi ya fi kowa sanin komi, kayan aikinsa ne. Wuri ne da zai shiga da sandarsa da ƙurar ƙafarsa ba wanda zai ce masa daga ina. Abin da ya zama ƙunci ga Maryamu da Yusufu, shi ya buɗe wa makiyaya ƙofa. Luka ya ce suka tafi da sauri.

Talaucin gidan nan kuwa bai tsaya a dare ɗaya ba. Bayan kwana 40 da suka kai yaron Haikali a Urushalima, hadayarsu kurciyoyi biyu ce ko 'yan tattabaru biyu. Wanda ya duba Littafin Firistoci sura 12 zai ga cewa wannan sassauci ne ga macen da ba ta da halin kawo ɗan rago.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika sa wa yara a wasan kwaikwayon Kirsimeti ba. Masana taurari sun zo daga gabas da zinariya da lubban da mur, amma a bayansu Hirudus ya aika a kashe 'yan yara maza na Baitalami daga shekara 2 zuwa ƙasa. Cikin dare Yusufu ya tashi, ya ɗauki yaron da uwarsa, suka gudu Masar. Mu a yankin nan ba sai an fassara mana wannan ba. Tun 2013 sansanin Minawao yake nan kusa da Mokolo, cike da dubban mutane da suka gudo daga Najeriya saboda Boko Haram. A gundumomin Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava akwai ƙauyukan da mutanensu suka sha barin gida su kwana a kan duwatsu, Kirista da Musulmi. Uwar da ta taɓa goya ɗa ta ruga cikin duhu, ta bar tukunya a kan murhu, idan ta ji an ce Allah na tare da mu, tana da ikon ta tambaya: a ina? Abin da Matiyu ya nuna mata shi ne Almasihu ma an gudu da shi a hannu, ya yi zaman baƙunta a ƙasar da ba tasa ba. Wannan ba ya dawo mata da wanda ta rasa. Amma wanda take kai wa kukanta ya san hanyar da ta bi.

A ƙasarmu an yi wanda ya ɗauki wannan labari da gaske. Fada Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, yana cikin 'yan Kamaru 8 na farko da aka naɗa firistocin Katolika a 1935. Ya bar Ikilisiyarsa ta New-Bell a Duwala, a 1959 ya zo Tokombere, ya zauna da mutanen duwatsun Mandara waɗanda ake rena su a lokacin, yana hawa duwatsun ba takalmi, har rasuwarsa a 1975. Har gobe ana kiran sunansa a can.

Ba na hana kowa biki. Mala'ika da kansa farin ciki mai yawa ya ce, don haka a soya kaza, a ɗinka wa yara kaya, a yi waƙa. Abin da ke damuna shi ne 'yar'uwar da za ta zauna a ɗaki ranar 25 ga Disamba saboda ba ta da sabon zane, da magidancin da zai ƙi zuwa sujada don kuɗin audugarsa bai fito ba, ba shi da abin baiko. Idan kina jina, Mama, ki wanke tsohon zanenki ki zo. Kai ma, Baba, ka zo hannu wofi. Mu kuma da za mu riga ku zama a benci, mu matsa.

Luka ya ce Maryamu ta riƙe duk waɗannan abubuwa tana biya su a zuciyarta. Makiyayan kuwa suka koma wurin garkensu, cikin sanyin da suka baro, suna ta yabon Allah a hanya. Yanzu sai mu saurari matan zumunta da waƙar haihuwar Almasihu. A yi Kirsimeti lafiya.