Jawabin Maraba Ga Mai Girma Gwamna Daga Kwamitin Ƙauyukan Ƙetaren Kogi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe, barka da zuwa. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafa shi ba. Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka. Tun kafin mu yi nisa, ga abin da dattawa suka ɗora mana mu faɗa: gada muke roƙo a kan kogin da ka ƙetaro yau.

Ranka ya daɗe, ana yawan cewa birni ne ke naɗa gwamna, ƙuri'ar ƙauye cikon benci ce. Wannan magana tana yi mana ciwo. Kakanninmu sun biya haraji da jangali tun ba a ƙirƙiri jihohi ba. Tun zaɓen gwamnoni na farko a 1979 muke fita layi, maza da mata, wasu da tafiyar ƙafa mai nisa, ba mu taɓa ƙaurace wa akwati ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ya san da zamanmu: sashe na 179 ya ce rinjaye kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiha. Ina za a samo wannan in an tsallake karkara?

Abin da ke cutar da mu shi ne lokaci. Da rani ake zaɓe. Na 2023 an yi shi ne ranar 18 ga Maris. A lokacin kogi ya ƙafe, motocin kamfe suna bi ta kan yashi su shigo su fita, babu wanda ya taɓa ganinsa a cike. Ku zo a watan Agusta. Mai naƙuda a kan amalanke take jiran ruwa ya janye, malamai su daina zuwa, amfanin gona ya lalace a hannunmu.

Muna da buƙatar ma'aikatan jinya da taki a kan kari, amma in ɗaya za a yi mana, ranka ya daɗe, gadar ce. Muna roƙo a sa ta a kasafin kuɗin baɗi, a turo injiniyoyi su auna kafin ruwan fari.

Allah ya mai da kai gida lafiya, amin.