Yadda tawadar ruwa ke kama jikin leda

[Ɗigon ruwa a kan leda, kusa-kusa]

Ku dubi wannan ɗigon. Ya dunƙule wuri ɗaya, da an karkata ledar sai ya gangara abinsa. Shi ya sa kuke ta tambaya: tawadar da aka haɗa da ruwa, yaya za a yi ta zauna a kan leda, balle a ce tana kashe ƙwayoyin cuta?

Kisan ƙwayoyin ba shi ne mai wuya ba. Ana zuba wa tawadar garin azurfa mai laushin gaske, ko zinc oxide, wasu kuma chitosan da ake cirowa daga ɓawon jatan lande. Mu wuce.

Rigimar tana wajen ledar. Ruwa yana riƙe kansa tamau. A ma'aunin masana yana kan 72. Ledar polyethylene, irin ta fiya wata, tana wajen 31. Muddin lambar ledar ba ta kai ta ruwan ba, ruwa ba zai baje ba. Sai a bi ta hanya biyu: a sa wa tawadar sinadarin da zai sassauta ta, a kuma ɗaga lambar ledar.

[Naɗin leda yana wucewa ƙarƙashin shuɗin tartsatsi]

Ga inda ake ɗaga ta. Wannan tartsatsin lantarki ana kiransa korona, ba ruwansa da cutar nan. Wani injiniya ɗan Denmark, Verner Eisby, ya ƙirƙiro shi a 1951. Ba ya ƙona ledar. Iskar oksijin yake maƙala wa fatarta ta sama, sai ta haura 40. Amma fa abin ba ya dawwama. Naɗin da ya daɗe a sito yakan koma gidan jiya, shi ya sa ma'aikacin nan ke jan layi da alƙalamin gwaji. Layin ya tsaya, a buga. Ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo cikin daƙiƙa biyu, a sake bi da shi.

Wankewa fa? Ammoniya, wani sinadari mai saurin bin iska, ita ce ke narkar da ƙaron da ke manne tawadar. Tana bushewa ammoniyar ta tashi, ƙaron ya daskare, ruwa bai ƙara narkar da shi.

Sai gwajin kisan ƙwayoyin: a ɗora ƙwayoyin cuta da ake kira E. coli a kan ledar da aka buga, a bar su awa 24 a zafin digiri 35, a ƙirga waɗanda suka rage. Ni dai ga nawa gani: yawanci a bayan leda ake bugawa, don haka kada mai talla ya ce maka tana tsare abincin da ke ciki.