Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Biyan Kuɗin Gyaran Lilo?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma duka ukun sun taɓo maganar wuraren shaƙatawa da filayen wasan yara.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Funtuwa. Ya ce ƙaninsa da ke karatu a Ingila ya ba shi labarin cewa an kwance lilon filin wasan unguwarsu an bar ƙarafa a tsaye, wai ƙaramar hukuma ba ta da kuɗin gyara. Shi ne yake tambaya, anya kuwa, ƙasa kamar Ingila?

To Malam, ƙaninka bai shara maka ƙarya ba. Yawancin wuraren shaƙatawa a Ingila suna hannun ƙananan hukumomi ne, su kuma kuɗinsu na fitowa daga harajin gidaje, da harajin wuraren kasuwanci, da tallafin gwamnatin tsakiya. Tun daga 2010, lokacin da gwamnatin David Cameron ta tsuke bakin aljihu, wannan tallafi ya yi ta raguwa. Gizo yana saƙa ne a nan: doka ta tilasta wa ƙaramar hukuma kula da tsofaffi da naƙasassu, da yaran da ba su da gata, da kwashe shara. Har ɗakunan karatu akwai dokar 1964 da ta wajabta su. Amma babu dokar da ta ce dole a kula da lambu ko filin wasa. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, sai ka ji an ce ana ta kai wa yake ta kaya, a fara zaftare kason lambun.

Lalacewar kuma ba rana ɗaya take zuwa ba. Da farko a sallami mai kula da wurin. Ciyawar da ake yankewa a kai a kai sai a bar ta ta yi tsawo. A garƙame banɗaki. Wata rana sarƙar lilo ta tsinke, mai duba kayan ya rubuta cewa akwai haɗari, hukuma kuma na tsoron kada yaro ya ji ciwo a maka ta a kotu. Kwance lilon ya fi gyara shi arha, sai a kwance. Ƙarafan da ƙaninka ya gani ke nan.

A 2017 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya yi bincike, ya ce wuraren suna gab da durƙushewa. Mutum sama da 300,000 suka sa hannu a takardar neman a mayar da kula da su wajibi a doka, amma kwamitin bai amince da hakan ba. Ni dai a ganina nan aka yi kuskure. Tun daga 1996 asusun cacar ƙasa ya zuba ɗaruruwan miliyoyin fam wajen sabunta tsofaffin lambuna, sai dai wannan kuɗin gini ne, ba albashin wanda zai ɗaure kusar da ta kwance ba.

Birnin Newcastle ya gwada wata dabara. Bayan ya zaftare kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin da yake ware wa lambunansa cikin shekara bakwai, a 2019 ya miƙa guda 33 ga wata gidauniya mai suna Urban Green Newcastle, da fatan za ta riƙe kanta da kuɗin bukukuwa da hayar shagunan shayi da gudummawar jama'a. Kuɗin ba su isa ba. A ƙarshen 2024 hukumar birnin ta yanke shawarar karɓe kayanta. Wasu ƙananan hukumomin kuma suna ba da hayar filin ga masu kaɗe-kaɗe a lokacin bazara, a kewaye shi da katanga na makonni. A kan irin wannan ne mazauna kusa da lambun Brockwell a Landan suka kai ƙarar ƙaramar hukumarsu ta Lambeth, kuma a watan Mayun 2025 kotu ta ba su gaskiya. Abin da ke damuna shi ne, mai gida da farfajiya ba ya jin wannan rashi. Yaron da iyayensa ke haya a hawa na goma, shi aka rufe wa ƙofa.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce mai 'ya'ya huɗu a ɗaya daga cikin biranen arewacin Najeriya. Ta ce filin da aka ware wa yara a unguwarsu ya zama juji, yanzu kuma ta ga an fara sauke bulo a gefensa. Alhakin wa ne?

Hajiya, Allah ya raya miki zuri'a. Na san irin filin nan, domin a irinsa na tashi. Da silifa muke kafa raga, da yamma 'yan mata na gaɗa a gefe, mu kuma muna langa har a kira magariba. Bara na koma, ban iya gane inda ragar take ba, shaguna ne reras.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a, tare da tituna da magudanun ruwa. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka shara da gyara, ƙofar shugaban ƙaramar hukuma za ku ƙwanƙwasa. Amma maganar bulo daban ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka wannan ƙorafin na ma'aikatar ƙasa ne da hukumar tsara birane ta jiha.

Shawarata, kada ki tafi ke kaɗai. Ku haɗu da maƙwabta, ku sa mai unguwa da limami da kansilanku a gaba, ku nemi taswirar da aka yanka unguwar da ita, ku rubuta takarda a buga muku hatimin an karɓa. Ku yi sauri tun kafin ginin ya kai linta. In Allah ya sa filin ya tsira, kada ku tsaya kan roƙon sababbin kayan wasa kawai. Ku nemi a sa albashin mai gadi da mai shara a cikin kasafin kowace shekara, ku kuma dasa darbejiya ku raba kwanan ban ruwa gida-gida.

Ta ƙarshe, wani ɗalibi daga Maraɗi yana son sanin lambun farko da hukuma ta gina da kuɗin jama'a. Ɗan'uwa, wanda aka fi ambata shi ne na Birkenhead, kusa da Liverpool, wanda Joseph Paxton ya tsara aka buɗe a 1847. Wani Ba'amurke, Frederick Law Olmsted, ya ziyarce shi a 1850, ya yi mamakin ganin talaka da attajiri suna yawo wuri guda, daga baya ya zama ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara Central Park na birnin New York.

Lokaci ya cim mana. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.