Sarkin Gayya Ya Tafi, Ga Damina Na Tafe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ta'aziyya ce ga mutanen wata unguwa a cikin garin Gombe, waɗanda suka yi rashin mutumin da suka daɗe suna kira Sarkin Gayya. Abokinmu ne. Ba fada ce ta naɗa shi ba, 'yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan, saboda duk ranar aiki shi ke fara fitowa da shebur a kafaɗa, ƙafar wando a naɗe. Allah ya jiƙansa, ya kyauta makwancinsa, ya ba iyalansa haƙuri. An yi ta faɗin kirkinsa a zaman makoki, kuma gaskiya aka faɗa. Abin da muke jiye wa tsoro shi ne tsarin aikinsa, domin akasarinsa a ka yake riƙe da shi.

Duk wanda ya san Gombe ya san a kwari take. Ruwan da ya sauka a tudun yamma, ta wajen hanyar Bauchi, cikin gari yake gangarowa, ga ƙasar kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine suka yawaita, rufin kwano da daɓen siminti suka mamaye filayen da a da suke shanye ruwa. Shi ya sa lambatun da ya wadatar a zamanin iyayenmu yanzu yake tumbatsa da ruwan awa guda.

Marigayin ba ya jiran hadari. A watan Afrilu yake kiran gayyar yashe lambatu, lokacin da yashin ciki ya bushe, ba nauyi, ba wari sosai. Dokarsa ta farko ita ce a faro daga ƙasa, daga inda ruwan unguwa ke fita, a hauro sama. Mutane sun fi son kowa ya gyara ƙofar gidansa, amma idan aka buɗe sama alhali ƙasa na toshe, an ƙara wa ruwa gudu ne kawai zuwa gidajen da ke gangare. Doka ta biyu, abin da aka yaso ba ya kwana a bakin lambatu. A nan ne yawancin gayya ke lalacewa: a tara tsibi-tsibi a gefen titi, a watse, awaki da yara da masu babur su baje shi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Saboda haka kafin ya sa rana sai ya tabbatar da abin kwashewa, ko baro, ko kura, ko motar shara da aka roƙa daga GOSEPA, hukumar tsabtace muhalli ta jiha, tun da wuri. Ga kowane mutum biyu masu shebur yakan ware mai baro ɗaya. Yashi daban, ledar fiya wata da robobi da tsummokara daban, domin yashin zai yi amfani.

Ƙarƙashin kwalbati kuwa bai taɓa yarda a tura yaro ba. Akwai fasassun kwalabe, akwai maciji, akwai iskar da ta ruɓa. Dogon rodi ake lanƙwasa wa baki a riƙa janyo abin da ya maƙale, a biyo da manjagara, mai aikin da takalmin roba da safar hannu. Sannan a sake zagaye na biyu a ƙarshen Yuli, gab da ruwan Agusta.

Inda ya fi nuna gwaninta shi ne ƙananan kwaruruka, waɗanda ba su kai ƙugun mutum ba. Ya sha faɗa da masu zuba shara a kwari da sunan cikewa. Shara ba ta riƙe ƙasa; ruwa ne zai kwashe ta ya kai ta ya toshe kwalbatin maƙwabta, kwarin kuma ya ci gaba da ci ta ƙarƙashi. Yashin nan da aka ware shi ake ɗurawa a buhun siminti ko na taki, kada ya wuce kashi biyu cikin uku, domin buhun da aka cika dam ba ya kwanciya, yana barin kafa. A naɗe bakin a ƙasa, a jera a gicciye cikin kwarin kamar ginin bulo, kowane buhu ya danne mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, a tattake. Tsayin kada ya wuce gwiwa. Tsakiya ta fi gefe ƙasa, gefen biyu kuma a tona a cusa su cikin bangon kwarin. In ba haka ba ruwa zai kewaye ta gefe, a wayi gari kwarin ya fi da faɗi. A zuba duwatsu a inda ruwan zai faɗo, don kada ya haƙa rami ya kayar da jerin. Ƙananan shingayen buhu uku ko huɗu a jere sun fi babba guda ɗaya.

Buhu dai na wucin gadi ne, rana ke cinye shi cikin 'yan watanni. Amfaninsa shi ne ya tara laka a bayansa, a kan lakar nan ake dasa ciyawar jema a layi, tazarar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, da zarar ruwa ya zauna. Saiwarta na nitsawa ƙasa sosai, ita ce za ta riƙe wurin bayan buhun ya mutu.

Ya kuma san iyakar shebur. Kwarin da ya fi tsayin mutum, har ya fara cin gindin katanga, aikin injiniyoyi ne, irin wanda aka yi a Gombe ƙarƙashin NEWMAP, shirin gwamnati na yaƙi da zaizayar ƙasa, daga baya shirin ACReSAL da ya biyo bayansa, da tallafin Bankin Duniya. Nan sai ya koma takarda. Koke shafi ɗaya, da hotuna masu kwanan wata, da adadin gidajen da ke bakin kwarin, da sa hannun mai unguwa, da limami, da wakiliyar mata. Kofi ga kansila, kofi ga ƙaramar hukuma, kofi ga ma'aikatar muhalli, kuma ba ya barin ofis sai an buga hatimin karɓa a nasa kofin. Bayan mako biyu ya koma. Ba ya zagi, ba ya kuma gajiya, kuma a ganinmu wannan ya fi ihun Facebook tasiri nesa ba kusa ba.

Batun kuɗi shi ke kashe ƙungiyoyin unguwa, shi ya sa bai taɓa riƙe kuɗin ba. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai ajiya daban, kuma duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ɗan siyasa in ya zo da gudummawa, sai ya ce masa: "Ranka ya daɗe, a sayo mana baro da shebur." Haka yake tafiyar da gyaran maƙabarta da kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa.

Littafin lissafin kuɗin da kayan aikin suna nan a zauren mai unguwa. Kira muke ga matasan da suka yi aiki tare da shi su zauna tun wannan makon, su bi unguwar da ƙafa daga mafitar ruwa zuwa sama, su rubuta kowace kwalbati da kowane kwari da halin da yake ciki, tun waɗanda suka san wuraren suna tune da su. A fitar da mutum uku na kuɗi, a nemi motar shara, a sa ranar gayya kafin ruwan farko. Sauran unguwanni, daga Pantami zuwa Bolari da Jekadafari, su ma lokacinsu ke nan.