VPS: An Ba Ka Mukullin Gida, Wa Zai Yi Gadi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka.

Bara, ranar da wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi ta saki sakamakon zangon ƙarshe, tun bayan Azahar wayata ba ta huta ba. Ni na gina musu shafin. Iyaye suka yi masa ca a lokaci guda, shi kuwa ya ƙame, sai farin allo. Da na bincika, sai na tarar masaukinsa ne ya yi masa kaɗan. Abin da ya kai ni ga VPS ke nan, wato masaukin shafi da ake keɓe maka kai kaɗai.

Kowane shafin intanet yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, ana ce mata saba, wasu su ce uwar garke. Masauki mafi arha shi ne na haɗaka, kamar gidan haya mai ɗaki-ɗaki: rijiya ɗaya, mita ɗaya, maƙwabci na jona hita wutarka ta yi ƙasa. A VPS kuwa, babbar saba ɗaya ake yankawa gida-gida da wata manhaja, galibi KVM, wadda ke cikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da saba, tun 2007. Kowa da katangarsa, da nasa RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, da ma'ajinsa, da babban mukullin da ake kira root, wanda babu ƙofar da ba ya buɗewa.

Masu ba da hayar suna da yawa: DigitalOcean, Hetzner ta Jamus, Linode wadda Akamai ta saye a 2022. 'Yan daloli a wata sun isa ka kama ƙarami. Amma in ka kama, allo ne za ka gani baƙi wuluk, sai ɗan layi yana ƙiftawa. Abin da za a miƙa maka ke nan, kango ne ba ko tabarma.

A nan manhajojin kuɗi suke shigowa, irin su cPanel, Plesk da DirectAdmin. Su ne ke mai da baƙin allon nan ya koma maɓallan latsawa: nan ka buɗe imel, can ka ɗora WordPress, manhajar gina shafi, ka ware wa kowane kwastoma ɗakinsa. Sauƙin da suke kawowa ba ƙarami ba ne. Sai dai lasisinsu kuɗi ne daban, ba ya cikin kuɗin haya. Tun 2019 cPanel ta koma caji bisa yawan asusun da ka buɗe, har ta kai lasisin kan fi ƙaramin VPS ɗin kansa tsada. Kuma da dala ake biya, mu kuwa da naira muke karɓa. Duk wanda ke wannan sana'a ya san yadda lissafi ya birkice tun da aka saki naira a Yunin 2023.

Shi ya sa wasu ke sayen lasisin bogi a hannun masu talla a WhatsApp. Don Allah, ɗan uwa, kada ka kuskura. Kafin ya yi aiki sai ka gudanar da umarnin mutumin da ba ka sani ba da mukullin root, wato ka ba baƙo mukullin har ɗakin da sunayen 'ya'yan mutane da lambobin iyayensu suke. Wannan amana ce. In shafi ɗaya ko biyu gare ka, HestiaCP kyauta ce kuma ta ishe ka. In kwastomominka sun kai ashirin, kowa ya saba da cPanel, to ka biya na halal ka saka a kuɗin aikinka.

Sai batun gadi. Daren da na kunna sabata ta farko, da safe na buɗe rajistar masu shiga, sai ga layi bayan layi na ƙoƙarin shiga da sunan root ta ƙofa ta 22, wato ta SSH, hanyar da ake shiga saba daga nesa, daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Na'urori ne ke bin gida-gida suna taɓa kwaɗo. Ka rufe shiga da kalmar sirri, ka koma mukullin SSH, ka saka manhajar fail2ban ta riƙa korar masu naci. Kada ka ɗora gini a kan CentOS 7, wani tsohon nau'in Linux, an daina yi mata gyara tun 30 ga Yunin 2024. Ubuntu LTS, wani nau'in Linux ɗin, na samun gyara shekara 5. Kwaɗon nan na HTTPS kuwa, mai tsare bayanai tsakanin shafi da mai ziyara, ƙungiyar Let's Encrypt na bayarwa kyauta.

Wurin zaman sabar ma a duba. Uban da ke Zuru ko Argungu yana duba sakamako da sabis mai rauni, Landan ko Furankfot sun fi masa kusa da Singafo.

Na ƙarshe shi ne ajiyar kwafi. Manomin shinkafa ba ya barin irinsa a fadama, don ya san halin gulbi in ya kawo. Kwafin shafinka ya kwana a wani kamfani daban, kullum, kuma ka riƙa gwada dawo da shi. A bidiyo na gaba, in Allah Ya kai mu, zan goge wannan sabar da gangan a gabanku, mu ga minti nawa za ta ɗauka kafin ta dawo.