Yadda za ka ga abin da manhajarka ta Flutter ke yi a wayoyin jama'a

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu rubuta manhaja.

Duk wanda ya taɓa sa manhaja a Play Store ya san wannan saƙon: "Malam, abin nan naku ba ya buɗewa." Ka ɗauko wayarka ka gwada, ta buɗe lafiya lau. Ka tambaye shi wace waya yake riƙe da ita, ya ce ƙaramar itel ce. Ka ce a ina ta tsaya, ya ce shi dai ya ga tana ta juyi, ya gaji ya goge ta. Magana ta ƙare. Kai kana ofis da Wi-Fi da waya mai ƙarfi, shi kuwa yana cikin kasuwa, sabis na zuwa yana ɗaukewa, ma'ajiyar wayarsa ta cika maƙil da bidiyon WhatsApp. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wannan mai ɗakin ba zai iya nuna maka wurin ba.

Abin da ake kira RUM (Real User Monitoring, wato sa ido kan masu amfani na gaske) shi ne maganin wannan. Ƙaramin kod ne da kake dasawa a cikin manhaja, yana lura da abin da ke faruwa a wayar mutum na gaskiya: daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta buɗe, wane shafi ya shiga, me ya danna, wace buƙata aka tura wa saba (kwamfutar da manhajar ke ɗauko bayanai daga wurinta), yaushe amsa ta dawo, a ina manhajar ta sandare ko ta rufe kanta. Sai ya tattara ya aika maka.

Yau da Flutter za mu yi aiki, kuma zan nuna da kunshin Datadog, wani kamfani mai yin irin wannan kayan aunawa. Firebase da Sentry ma suna da nasu, sunayen abubuwa ne kawai za su bambanta. Masu React Native kada ku tashi, kusan duk abin da zan faɗa ya shafe ku.

Mu fara da sassauƙan ɓangaren. A shafin Datadog ka ƙirƙiri sabuwar manhaja ta RUM, ka zaɓi Flutter. Za a ba ka abu biyu, applicationId da clientToken. Ka kula, clientToken ake sa wa a manhaja, ba mabuɗin API na asusunka ba. Duk abin da ya shiga fayil ɗin APK, ka ɗauka kowa na iya zaro shi. Sai ka ƙara datadog_flutter_plugin a pubspec.yaml, ka je main.dart ka gina DatadogConfiguration. Akwai site, wato yankin da bayananka za su sauka, kamar Amurka ko Turai, kuma dole ya dace da inda ka buɗe asusu, in ba haka ba ka yi ta jira ba abin da zai iso. Akwai kuma env. Ka raba dev (na gwaji) da prod (na jama'a) tun yau. In ka cakuɗa su, gwaje-gwajenka na tsakar dare za su gurɓata lissafin mutanen gaske.

Daga nan ka naɗe runApp ɗinka a cikin DatadogSdk.runApp. Amfaninsa shi ne yana kama kurakuran Dart ta ƙofofi biyu, FlutterError.onError da PlatformDispatcher.instance.onError. Ta farko ta kurakuran da ke tasowa yayin gina allo ce, ta biyun kuma ta waɗanda suka kuɓuce daga aikin da ke gudana a bayan fage.

To, a nan ne mafi yawanmu muke rufe kwamfuta mu ce an gama. Ni ma haka na yi a karon farko, da wani kayan aunawa daban. Na bar shi mako guda yana tara bayanai, na dawo da murnata, sai na tarar wai manhajata shafi ɗaya gare ta, sunansa MainActivity, kuma ba ta taɓa magana da saba ba ko sau ɗaya. Manhajar da ke da shafi sama da ashirin! Laifina ne, ban fahimci yadda Flutter take zaune a cikin waya ba.

Ga yadda abin yake. A manhajar Android ta asali, tsarin wayar ya san shafukanka, don shi yake buɗe su yana rufe su. Flutter kuwa fili ɗaya take karɓa daga wayar, Activity ɗaya a Android, view controller ɗaya a iOS, sannan ta zana komai da kanta a kai. Maɓalli, rubutu, shafin shiga, shafin biyan kuɗi, duk zane ne. Wayar tana ganin katangar gida ne daga waje, ba ta san ɗaki nawa ke ciki ba. Takardun Firebase ma sun faɗi wannan ƙarara game da Flutter, cewa ba a samun awon kowane shafi kai tsaye saboda wannan dalili. Saboda haka kai ne za ka riƙa shaida wa kayan aunawa duk lokacin da mutum ya canza shafi.

Hanyar ita ce DatadogNavigationObserver. Ka sa shi a cikin navigatorObservers na MaterialApp, ko observers in da go_router kake aiki. Amma akwai tarko uku a nan, kuma duk na faɗa cikinsu.

Wannan mai lura da suna yake gane shafi. In ka tura shafi da MaterialPageRoute ba ka ba shi suna a RouteSettings ba, ba zai bayyana ba. 

Sannan sunan da ke ɗauke da lamba. In sunan shafinka oda/4821 ne, na wani kuma oda/4822, za ka wayi gari da dubban shafuka, kowanne da mutum ɗaya tak a ciki, ba lissafin da zai fito. Ka yi amfani da viewInfoExtractor ka mayar da su duka suna ɗaya, lambar kuma ka ajiye ta a matsayin ƙarin bayani.

Na ukun ya fi ɓuya. Maɓallan nan na ƙasan allo, Gida, Oda, Asusu, sau da yawa da IndexedStack ake yin su, ba a tura sabon route. Mutum zai yi ta yawo a tsakaninsu, mai lura bai ga komai ba. A nan sai ka kira startView da stopView da hannunka duk lokacin da aka canza.

Saura maganar saba. Dalilin da ya sa ban ga buƙata ko ɗaya ba shi ne Dart tana da nata HttpClient, ba ta bi ta OkHttp na Android ko URLSession na iOS, inda kayan aunawa na asali suke tsare hanya. Ka ƙara datadog_tracking_http_client, ka kira enableHttpTracking a kan saitinka. Kunshin http da Dio, in ba ka canza musu komai ba, ta wannan HttpClient suke bi, don haka za a kama su. Ka kuma cika firstPartyHosts da adireshin sabarka, naka kaɗai. Wannan yana liƙa wa kowace buƙata alama, ta yadda in kana auna sabar ita ma, za ka bi buƙata ɗaya tun daga yatsan mutum har rumbun bayanai. Tsohuwar gardamar nan tsakanin mai manhaja da mai saba, kowa na cewa jinkirin daga wajen ɗan uwansa ne, a nan take mutuwa.

Wani ɗan ƙari da nake so ƙwarai: shafi ya buɗe daban, shafi ya zama mai amfani daban. Allo na iya fitowa nan take, amma ba komai sai da'irar nan mai juyawa. Ka kira addTiming a daidai lokacin da bayanan gaske suka bayyana. Wannan lambar ita ce abin da mutum ya ji a jikinsa.

Yanzu sirrin mutane, kuma ba na wasa da wannan. Kunshin Datadog ɗin yana karɓar TrackingConsent mai matsayi uku. Pending yana tara bayanai a wayar ba ya aikawa. In mutum ya amince ka mayar granted, sai a tura. In ya ƙi ka sa notGranted, a share abin da aka tara. Ka fara da pending, ka tambaya da Hausar da mutum zai gane. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma Google da Apple duk suna so ka bayyana abin da kake tarawa kafin manhaja ta hau shagonsu. A setUserInfo, lambar da kai ka ba mutum a rumbunka ta isa. Kada ka sa suna, kada ka sa lambar waya. Ka leƙa adiresoshin buƙatunka ma, don na sha ganin lambar waya ko BVN a liƙe a jikin URL, ta tafi sabar wani kamfani a ƙasar waje ba wanda ya lura. Akwai event mapper da ke ba ka damar goge irin wannan kafin ya bar wayar.

Sai sessionSamplingRate, wato kashi nawa cikin ɗari na zaman mutane a manhaja za a riƙa aika maka. Da yawan zama ake cajinka, kuma a Datadog zama ɗaya yana ƙarewa bayan minti 15 ba motsi, ko in ya kai awa 4. In mutanenka ba su da yawa, bar shi a 100. In sun yi yawa, ka rage. Ka tuna kuma datar mutum ce ake ci wajen aika bayanan, shi ya sa nake saita batchSize da uploadFrequency yadda za a tara da yawa a aika jefi-jefi.

In kana gina manhaja da obfuscate da split-debug-info, masu ɓoye sunayen da ke cikin kod, rahoton kuskure zai zo maka da haruffa marasa ma'ana. Dole ka loda fayilolin alamomin Dart, da mapping.txt na Android, da dSYM na iOS, na kowace siga da ka saki. Umarnin datadog-ci flutter-symbols upload yana yin wannan. Ka sa shi cikin tsarin gininka, don in ka bar wa ƙwaƙwalwa, ranar da ka manta ita ce ranar da manhaja za ta faɗi.

Bayanai sun fara shigowa, me za ka duba? Ka guji matsakaici. A ce mutum tara shafi ya buɗe musu a daƙiƙa ɗaya, na goma ya jira daƙiƙa 21. Matsakaici zai ce daƙiƙa 3, alhali ba wanda ya jira uku a cikinsu, kuma mai itel ɗin nan ya ɓace a lissafi. Ka duba p75 da p95, wato lokacin jiran da kashi 75 da kashi 95 cikin ɗari na mutane ba su wuce ba, ka rarraba da samfurin waya, da nau'in haɗi, da sigar manhaja. A allo mai zane 60 a daƙiƙa, kowane zane yana da kusan milisakan 16. Wanda ya wuce milisakan 700, a ma'aunin Android, ya sandare ke nan. Play Store kuma yana da layinsa: in masu ganin manhaja ta faɗi suka wuce kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani a rana, ko masu ganin ta ƙi amsawa suka wuce 0.47, ana iya rage nuna ta ga masu nema.

Kafin ka saki, ka gwada, amma ba a yanayin debug ba, don a can kod ɗin Dart yana tafiya a hankali, lambobin ba na gaske ba ne. Ka gina release da env na dev, ka aro waya mafi arha a gidanku, ka kashe Wi-Fi, ka tilasta mata 3G a saiti. Ka shiga kowane shafi, ka danna maɓallan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ka kunna yanayin jirgi a tsakiyar biyan kuɗi, sannan ka dawo da sabis. Jira 'yan mintuna ka buɗe zaman a Datadog. Ka ƙirga shafukan da ka shiga, ka ƙirga waɗanda suka bayyana. In ka shiga goma sha biyu ka ga tara, koma RouteSettings ka nemo ukun da ba su da suna.