Jawabin maraba ga Mai Girma Ministan Matasa da Wasanni, daga shugaban lise, Maraɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jahar Maraɗi, wakilan masu martaba Sarkin Katsinar Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri, iyayen yara, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Daga Yamai zuwa nan tafiya ce mai nisa, ka kuwa yo ta don ka ga yaranmu da idonka. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ka sauka garin 'yan kokowa. Lokacin da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya ɗauko takobin ya kawo gida, shi ya sa babban filin kokowar garin nan yake ɗauke da sunansa. Yaron da ya tashi a nan yana jin wannan labari tun kafin ya iya karatu. Idan ya shigo lise, da shi yake shigowa, mu kuma ba mu taɓa ganin dalilin raba shi da abin da ya gada ba. Ƙwallon ƙafa muna yi, da ƙwallon hannu da guje-guje, amma fagen kokowa da langa ba su taɓa mutuwa a makarantar nan ba.

Ina so in gaya maka yadda ake shirya filin da za ka gani anjima. Bayan damina, karangiya ce ke cinye shi. Yaran da kansu ke zuwa da hauya da tsintsiya daga gida, su share, su tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya domin da yawansu ba takalmi suke wasa. Layin fili da toka ake ja. Da'irar kokowa kuwa buhunan yashi ne da 'yan ajin ƙarshe ke cikawa, su jera, kafin su miƙa wa na bayansu. Ƙwallo in ta fashe sai a kai wa mai faci, a dawo da ita a ci gaba. Ba wanda ya taɓa biyan su ko dala a kan wannan aiki.

Akwai iyayen da ke ganin wasa ɓata lokaci ne, ina kuma girmama damuwarsu. Abin da muka gani a nan dabam ne. Maraɗi garin kasuwa ne, kullum kasuwa tana kiran yaro ya bar aji ya je neman kuɗi. Sau da yawa ƙungiyar wasa ce ke riƙe shi, saboda dokarmu ba ta da sassauci: wanda makinsa ya faɗi ba ya shiga fili sai ya gyara. Kuma a jarrabawar bakaloreya ma ana gwada motsa jiki. 'Yan matanmu na ƙwallon hannu, da hijabinsu da dogon wando, sun fi kowa kiyaye wannan doka, malamansu shaida ne.

Ƙasar nan ta ga Isaka Dabore ya ciyo tagulla a damben Olimfik na Munik a 1972, ta jira har 2016 kafin Abdurrazak Isufu Alfaga ya kawo azurfa daga Riyo a tekwando. Shekara 44 ke nan tsakani. A ganina jiran ya yi yawa, kuma makarantun gwamnati irin tamu ne za su rage shi, domin a nan 'ya'yan talakawa suke.

Saboda haka, ranka ya daɗe, kukanmu ke nan. A kewaye mana filin da katanga, don babura da dabbobi sun mai da shi hanya. A ƙaro mana malaman motsa jiki, mace a cikinsu ko da guda, saboda iyaye su ƙara sakin jiki su bar 'ya'yansu mata. A kuma ƙarfafa gasar makarantu, yaranmu su riƙa gwada ƙarfi da na Tasawa da Dakoro da Madarunfa kowace shekara.

Bayan jawabinka, muna roƙon ka taka zuwa fili, 'yan kokowa da makaɗansu suna jiranka. Allah ya maishe ka gida lafiya. Wassalamu alaikum.